Wa Ya Cika Randar Leburori?

Rana na tsaka leburorin gonar tumatir suka ajiye fartanyu, suka taru a gindin bishiyar da suke shan inuwa. Kafin a ce a koma aiki, mutum uku sun zube. Giwa ne ya fara. Ƙato ne mai ɗaukar kwando biyu a tafiya ɗaya, in kuwa ya kafa kai a moɗa sai ya shanye uku kafin wani ya gama ɗaya. Da ya ce cikinsa na murɗawa dariya aka yi masa, aka ce alhakin randa ne ya kama shi. Dariyar ba ta je ko'ina ba. Yawu ya ɓalle masa kamar an kwance famfo, gumi ya jiƙe rigarsa sharkaf, naman jikinsa ya kama rawa shi kaɗai. Sauran biyun suka bi bayansa. Aka loda su a motar ɗaukar kaya aka nufi asibiti, ba a ci rabin hanya ba direba ya bugo waya ya ce Giwa ya cika.

Mutane in tsoro ya kama su ba sa tsayawa neman dalili, wanda za su kama suke nema. Wani ya tuna jiya Giwa ya yi cacar baki da Baƙo a kan kwando. Wani ya rantse ya ga Baƙo tsaye a kan randa kafin kowa ya iso. Shi kuwa Baƙo sati uku ke nan da zuwansa gonar, ba wanda ya san daga ina ya fito, ga shi kuma tsaye da ƙafafunsa alhali ya ce shi ma ya sha ruwan. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Ƙanen Giwa ya fara da ƙotar fartanya, saura suka taya shi, har da waɗanda suka iso a makare ba su san me ake yi ba. Da Manaja ya ga za a yi kisa a gabansa, ya sa aka ja Baƙo aka jefa cikin siton magani, ya danna kwaɗo, ya sa mukulli a aljihu. Sannan ya aika a kira Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu tsoho ne siriri, wanda shekara arba'in na bin ɓarayin awaki da na buhunan hatsi suka lanƙwasa masa wuya. Ba ya kallon mutum a fuska sai ya gama kallon ƙafarsa. Ana tsoronsa fiye da yadda ake sonsa, domin bai taɓa sanin inda ake yi wa gaskiya kwana ba. Yau kuwa ya zo da nasa ciwon, don Giwa mijin Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ya raina shi kaɗai tun rasuwar uwarta.

Manaja ya tare shi da hannu biyu. Mutum ne mai tsabtar riga, wanda ko a ranar feshi ba ya sauka daga mota sai ya ga inda iska ta dosa.

"Baba, ka yi haƙuri, na san surukinka ne. Abin da nake so kaɗan ne. Ka duba ƙasa ka tabbatar mana shi ne, gobe in miƙa shi ga hukuma."

"In kuma ba shi ba ne fa?"

"Shi ne, Baba."

"To in ka riga ka sani, me ya sa ka taso ni a cikin wannan rana?"

Ƙanen Giwa ya kutso tsakaninsu, idonsa jawur, har yanzu ƙotar na hannunsa. "Babu wata gobe. Rana na faɗuwa za mu ɓalle ƙofar nan, wanda ya isa ya hana."

Mai Sawu ya zagaya bayan sito inda akwai 'yar taga mai ƙarfe, ya ɗora ƙafa a kan dutse ya leƙa. Warin magani ne ya fara yi masa sallama, irin mai kama da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Baƙo na kwance tsakanin buhunan taki, gefen fuskarsa a kumbure. Amma ba kumburin ne ya tsayar da tsohon ba. Yawu ne ke bin haɓarsa har ƙirji, hawaye na zuba ba tare da yana kuka ba, ƙwayar idonsa kuma ta tsuke kamar kan allura duk da duhun ɗakin.

"Kai, me ka zuba a randa?"

"Ban zuba komai ba, Baba. Wallahi ban zuba ba." Numfashinsa na fita da ƙara. "Rabin moɗa na sha. Ƙirjina kamar an ɗaure da igiya."

"Me ya kai ka wurin kafin kowa?"

"Ni ne a layin ƙarshe, na fi kowa kusa. Na tarar da ita cike taf har baki, na ce yau Inna Mai Ruwa ta yi mana ƙoƙari." Ya yi tari mai nauyi. "Baba, ka ce su buɗe mini. Iska kawai nake so."

Mai Sawu ya sauko ya koma wurin Manaja. "Mutumin nan ciwon da ya kashe Giwa ne a jikinsa, kuma kun rufe shi da abin da ke ƙara masa. Ka sa shi a motarka yanzu."

"Tsoro ne!" in ji wani daga baya. "Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as!"

Manaja ya ja tsohon gefe, ya rage murya. "In na buɗe ƙofar nan, kafin ya kai mota sun gama da shi, su haɗa da ni. Ka kawo mini wanda ya yi. In ba shi ba ne, ni da kaina zan tuƙa shi asibiti."

Mai Sawu ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta ɗan karkata, amma da sauran lokaci, in ƙasa ta yi masa magana da wuri.

* * *

Gindin bishiyar kuwa an tattake shi kamar masussuka. Sawun masu gudu, sawun masu duka, sawun 'yan kallo, duk sun hau kan juna. Randar na nan rabinta binne a ƙasa don sanyi, moɗa a yashe gefe. A reshe ɗaya kwanon abincin Giwa na rataye cikin ɗaurin ƙyalle, ko buɗe shi bai samu yi ba. Mai Sawu ya san ƙyallen, ya kau da kai.

Ya sa aka kira masa Inna Mai Ruwa, tsohuwar da ke cika randar kowace safiya. Tun daga nesa ta taho tana faɗa.

"Ni za a tuhuma? Ni? Shekara tara ina shayar da su, ko ciwon ciki wani ya taɓa yi?"

"Ba wanda ya tuhume ki. Bokiti nawa kika zuba yau?"

"Huɗu, kamar kullum. Da sassafe, kafin a fara feshi."

"Kin dawo kin ƙara?"

"In ƙara da wane bayan? Ai sau nawa ina cewa a samo mai taya ni? Rana na yin tsaka saura kwata a cikinta, kullum sai sun yi rigima a kan na ƙarshe." Ta gyara ɗaurin zane, ta nuna da haɓa. "In kana neman mai guba, ga Mai Feshi can. Shi ke wanka da ita. Rannan da idona na gan shi yana hura bakin famfon feshinsa da baki don ya toshe. Da baki fa!"

Mai Sawu ya leƙa randar. Bayan duk abin da aka sha, ruwan ya fi rabi. Inna ta ce kwata ke saura da rana, Baƙo ya ce ya tarar da ita cike har baki, kuma ba su haɗa baki ba. Ke nan tsakanin safe da rana wani ya zo ya cika ta. Ruwa dai ba ya tsami banza.

* * *

Ya samu Mai Feshi tsugune a bakin lambatu, can nesa da mutane, famfon goyonsa a jingine. Saurayi ne amma hannuwansa na tsofaffi ne, fatar duk ta saɓule. Yana ganin tsohon ya miƙe.

"Baba, ni ban je kusa da randa ba. A nan nake wanke famfona, a nan nake cin abinci. Ba sa son zama da ni, wai ina wari."

Mai Sawu ya dubi takalmin robarsa mai tsagin dunduniya, ya dubi ƙasa. Gaskiya ya faɗa, sawunsa daga lambatu zuwa layukan tumatir yake, daga layuka zuwa sito.

"Wane magani kuke fesawa satin nan?"

"Sabo ne. Tsutsa ta ƙi jin na da, sai aka kawo wannan. Baba, wannan ba ya wasa. Murfi ɗaya nake sa wa famfo guda, amma in na wuce layi har ƙadangare sai ka ga ya juya ciki sama."

"In jarka ta ƙare, ina kake kai ta?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Bayan sito. A jikinta an zana cewa a huda ta a binne. To wa zai huda jarka mai kyau haka? Manaja ke raba su, wanda ya yi aiki ya burge shi ya ba shi ɗaya. Ni dai nakan wanke su da toka in shanya sati guda kafin a bayar. Duk gidajen leburorin nan da su ake ɗibar ruwa."

"Na satin nan ka wanke?"

"Ban samu sarari ba tukuna."

Suka je tare. Jarkoki huɗu ne jere a jikin bango, shuɗaye, sababbi fil. Kusa da ta huɗun akwai shatin gindin wata a kan ƙura, mai kusurwa huɗu, ko iska ba ta taɓa shi ba.

"Biyar ne da safe," in ji Mai Feshi. "Na rantse biyar ne."

Ta cikin bango Mai Sawu na jin numfashin Baƙo, yana ja kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya ce wa saurayin ya koma inda yake, kada ya buɗe baki da kowa.

* * *

Ya dawo wurin randa ta baya, ta ɓangaren da ke kallon famfon burtsatse, inda ciyawa da ƙaya suka hana 'yan kallo bi. Ya durƙusa. A nan ya ga abin da yake nema, kuma ba sawun mutum ba ne. Tururuwa ce, matattu, sun dunƙule a wani ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu, inda ruwa ya ɗiga ya bushe. Taku uku gaba, ga wasu. Taku uku kuma, ga wasu. Duk wanda ya ɗauko ruwan, jarkarsa ba ta da murfi, tana fantsalowa yana tafe, kuma duk inda ta fantsala abin da ya lasa bai tashi ba.

Ya bi gawawwakin tururuwar har ciyawa ta ƙare, aka shiga yashi mai laushi. Sawun ya fito sarai kamar an buga hatimi.

Silifas ne, ƙaramar ƙafa, ta mace. Zuwa famfo sawun ba nauyi, dawowa ya nutse ta gefen dama, inda kaya ke rinjayarta. Sau biyu ta je, sau biyu ta dawo. Rabin hanya ta ajiye jarkar ta huta, ga shatin nan mai kusurwa huɗu. Ƙafar hagu tana ɗan karkata ciki, irin na wanda ya taɓa karyewa yana yaro. A tsakiyar sawun dama kuma akwai ɗan zanen waya, inda aka ɗaure igiyar silifas ɗin da ta tsinke.

Mai Sawu da kansa ya ɗaure wayar, sati biyu da suka wuce, a ƙofar ɗakinsa, Auta na zaune tana yi masa tsiya wai hannunsa ya fara rawa. Karayar kuwa shi ya goya ta zuwa wurin mai ɗori, tana 'yar shekara shida, bayan ta faɗo daga katanga.

Ya ƙarasa famfon don kawai ƙafafunsa sun saba ƙarasawa. A gefen dakalin ga inda ta ɗauraye jarkar ta zubar, ƙasa ta yi fari-fari, wani kwaɗon ruwa ya miƙe ƙafafu a ciki. Ta wanke. Yarinyar kirki, ta wanke iyakar saninta.

Mai Sawu ya zauna a kan dakalin. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da ɓarayi suka yi masa kwanton ɓauna. Ya tuna ƙotar da ke hannun ƙanen Giwa. Ya tuna yadda mutanen nan suka yi wa namiji mai ƙarfi, ya auna abin da za su yi wa Auta, ya auna kuma abin da ita za ta yi wa kanta in ta sani. Ya ce a ransa bari ya ɗan huta ya yi tunani. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Inuwar famfon ta taso daga ƙafarsa ta kai gwiwa, ta wuce shi ta hau yashi, yana zaune. Ya san akwai mutum a sito yana neman iska. Bai manta ba ko na daƙiƙa ɗaya, zama kawai ya yi.

Da ya tashi, sai ya bi layin yana jan tafin ƙafarsa a kan yashi, yana shafe sawun ɗaya bayan ɗaya. Ya kusa gamawa ya lura da na ƙarshe, wanda ya bar randa ya nufi hanyar gidajen leburori. A gefensa ma akwai shatin jarka. Ba ta mayar da ita bayan sito ba, gida ta tafi da ita. Gidan da yanzu ke cike da masu zuwa gaisuwa, a cikin wannan zafi.

Tsohon da aka daɗe ba a ga gudunsa ba ya zura da gudu.

* * *

Ɗakin Giwa ɗaya ne cikin dogon layin ɗakunan kwano. Mata sun cika tsakar gidan, kuka na tashi yana sauka. Jarkar na nan bakin ƙofa, cike, wata maƙwabciya ta sunkuya za ta tsiyaya a kofi. Mai Sawu ya fizge ta har ruwan ya zubar mata a zane.

"Haba Baba, lafiya?"

"An sha?"

"Yanzu dai zan ba uwar mamacin, ta yi kuka har muryarta ta dushe."

"Ku ɗebo a wani abin. Wannan ina so."

Auta ta fito jin muryarsa. Idanunta sun kumbura, ɗankwalinta a hannu. Ta kama rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama, ta ja shi lungun ƙofa.

"Baba, ka gano? Shi ne ko? Allah ya isa tsakanina da shi. Me Giwa ya yi masa? Kwando fa, Baba, a kan kwando!"

"Kin je gona yau?"

"Na kai masa abinci, kamar kullum. Suna can ƙarshen gona, ban ma gan shi ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Na leƙa randa na ga ta kusa ƙarewa, ka san shi da ruwa. Sai na ga jarkoki bayan sito, na ɗauki ɗaya na ɗauraye ta tas, har ruwan ya fito garau. Sau biyu na je famfo na cika musu. Na ce yau dai zai sha ya ƙoshi, ba sai ya yi faɗa da kowa ba. Ashe ruwan da na ɗebo da hannuna ne wannan azzalumin zai zo ya zuba wa guba."

Mai Sawu ya dube ta.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Wa ke ta wannan yanzu?"

"To kada ki gaya wa kowa."

"Don me, Baba?"

Mai Sawu ya zubar da ruwan a ramin shara, ya tura ƙasa a kai, ya ɗauki jarkar ya fita. Hanyar gona gajeriya ce, amma ya bi ta bakin lambatu, wadda ta ninka ta biyu. Yana tafe yana shirya magana yana rushewa, yana neman yadda zai fitar da Baƙo ba tare da ya saka Auta ba.

* * *

Ko da ya iso, rana ta yi ja, gaban sito ya cika. Leburori sun tsaya da fartanyu. Inna Mai Ruwa na gefe tana huci, Mai Feshi ya raɓe a jikin bango. Manaja na jingine da motarsa. Matan ma sun biyo ta gajeriyar hanya sun riga shi, domin uwar Giwa ta ce sai ta ga fuskar wanda ya kashe mata ɗa. Tana tsaye da ƙyar, ta ɗora nauyinta duka a kafaɗar Auta.

Mai Sawu ya ajiye jarkar a tsakiya.

"Ba Inna ba ce," ya ce. "Ta zuba nata da safe, an sha har rana ba abin da ya faru. Ba Mai Feshi ba ne, ƙafarsa ba ta taka gindin bishiyar nan ba yau. Kuma ba wanda ya zuba guba a randa."

Aka ɗauki hayaniya. Ya jira ta lafa, sannan ya sa aka kawo ruwa mai kyau a moɗa. Ya zuba a jarkar, ya tsiyayo kaɗan a ƙasa, garau. Sai ya kifa ta ta baya, ya girgiza, yadda ruwan zai shiga cikin mariƙinta, ya sake tsiyayowa. Wannan karon fari ya fito, kamar an ɗiga madara.

"Mariƙin nan rami ne. Nan maganin ke maƙalewa. Ko sau goma ka ɗauraye cikinta, in ba ka kifa ta ba yana nan, sai ka cika ta taf kana tafe tana girgiza ya sauko. An ga randa ta yi ƙasa, aka ɗauki wannan a bayan sito aka cika muku ita. Warin kuwa wa zai ji? Sati guda ke nan hancinku na cikinsa."

Babu wanda ke tsaye a nan da ba shi da irin jarkar a ɗakinsa, da ita ake dafa abinci, da ita ake yi wa yara wanka. Wasu suka juya suna kallon Manaja, shi kuwa ya daina jingina da mota.

Mai Sawu bai dubi inda Auta take ba, amma ya ji lokacin da numfashinta ya tsaya.

"Wa ya ɗebo?" in ji ƙanen Giwa. "Kuskure ko ganganci, ni ban sani ba. Ko uban wa ye, yau sai ya bi yayana."

"A buɗe ƙofa tukuna. A kai mutumin nan asibiti, sannan in faɗa."

Wannan karon ba wanda ya hana. Manaja ya zaro mukulli ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙofar, ta ƙi tafiya. Sai da mutum biyu suka sa kafaɗa. Baƙo ne a bayanta. Ya jawo jiki daga cikin buhuna har bakin ƙofa, ya kafa hancinsa a 'yar tsagar da ke ƙasa, a nan ya tsaya. Mai Sawu ya durƙusa ya taɓa wuyansa. Babu komai, amma jikin da ɗuminsa, ko yawun da ke haɓarsa bai bushe ba. Tsohon ya san tsawon zaman da ya yi a kan dakali, ya san tsawon hanyar lambatu, kuma ba ya bukatar kowa ya haɗa masa su.

Inna Mai Ruwa ta ɗora hannu a ka tana salati. Waɗanda suka yi dukan suka fara sakin fartanyu a hankali, kowa na kallon ƙafarsa.

Manaja ne ya fara dawowa hayyacinsa, don irinsu ba sa daɗewa a ruɗe. Ya gyara murya.

"To, jama'a. Ikon Allah ke nan. Amma mu yi wa kanmu adalci. Wa aka gani a kan randa kafin kowa? Wa ke aiki a layin da ya fi kusa da sito? Ya ga ruwa ya yi ƙasa, ya ɗauki jarka ba da izinin kowa ba, ya ɗebo. Shi ma ya sha, ga shi abin ya ci shi. Ba wanda ya kashe shi, ba wanda ya ba shi jarka. Gobe in hukuma ta zo, abin da za a gaya mata ke nan, a bar kaza cikin gashinta." Ya juyo. "Baba, kai ka ga ƙasa. Sawun wa ka gani?"

Kawuna suka fara gyaɗawa tun kafin ya rufe baki. Maganar ta yi wa kowa daidai, masu duka da mai rabon jarka, har da ƙanen Giwa, wanda ya fi son a ce hannunsa bai sauka a kan marar laifi ba.

Auta ta zame daga ƙarƙashin hannun surukarta, ta tako gaba.

"Baba, wannan jarkar ai ni..."

"Rufe mini baki!"

Tsawar Mai Sawu ta sa har na bayan taro suka razana. Tun da aka haife ta bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Baƙin ciki ne ke sa ta sambatu," ya ce wa matan. "Ku riƙe ta." Sannan ya juya ga Manaja, ya yi magana yadda kowa zai ji. "Sawun Baƙo ne. Daga bayan sito zuwa famfo, daga famfo zuwa randa, sau biyu."

Aka saki ajiyar zuciya kusan tare. Uwar Giwa ta tofa yawu wajen gawar, ta ce Allah ya ƙara masa azaba, sannan ta laluba ta kamo hannun Auta ta rungume ta, tana cewa, "Yi haƙuri 'yata, Allah ya saka mana tun a duniya." Mutane suka fara watsewa biyu-biyu, ba mai kallon ƙofar sito.

Auta ta bari sai da tsohuwar ta sake ta. Ta zo ta tsaya gaban ubanta, kusa ƙwarai, ta yi magana can ƙasa.

"Baba, ba shi ba ne."

Mai Sawu ya ɗago ya dube ta a fuska.

"Shi ne," ya ce. "Yau shi ne, gobe shi ne, har ranar da za ki mutu shi ne. Je ki kama surukarki, ba ta iya tafiya ita kaɗai."